Birkin da Yaya Ya Gyara

A hawa na biyu na wani tsohon bene, tsakanin shagon mai ɗaukar hoto da na wata mai ɗinkin labule, akwai wani ɗan ofis da tsawonsa bai wuce taku shida ba. Nan Kashe-Kunna yake aiki. Maƙwabtansa na benen ne suka laƙaba masa sunan, saboda duk wanda ya kawo masa kukan waya ko kwamfuta, kafin ya kai ƙarshen bayani zai ji an tambaye shi, "Ka kashe ka kunna tukuna?" Abin haushin kuwa, sau bakwai cikin goma maganin ke nan. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa, wadda ke koyar da lissafi a sakandare, da shi take kiransa in tsokana ta motsa mata, shi kuma Malama yake ce mata, ana daɗi ko ana faɗa.

Sana'arsa gina shafukan intanet. Ba a makaranta ya koye ta ba. Yana saurayi buga takardu yake yi a wani shago, wasiƙun neman aiki da kundin ɗalibai, har wata rana yatsansa ya zame ya danna wani maɓalli, sai shafin da yake dubawa ya juye, rubutu birjik ya cika allo. Ya ɗauka ya lalata injin mutane. Da ya natsu ya duba, sai ya gane ashe kowane shafi yana da ciki da bai, kamar rigar da aka yi wa aiki, waje ado, ciki zare ta ko'ina. Tun daga ranar ya shiga bin zaren nan. Yau shekara ashirin ke nan, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana nan yana bi.

Ba manyan kamfanoni yake yi wa aiki ba. Akwai mai kantin magani, akwai makarantar koyon tuƙi, akwai mai sayar da tayil da ke son a sa hoton kowane tayil sau uku, sai ƙungiyar masu kiwon kaji waɗanda ba su taɓa haɗuwa a kan launi ɗaya ba. Aikin yana riƙe shi da iyalinsa, kuma yana son sa. Da safe in ya buɗe ofis yakan jona butar shayi, ya goge tabarau da gefen riga, ya ba labaran manhajoji da na wasannin kwamfuta rabin awa cif kafin ya taɓa aikin kowa. Wasannin ba ya yawan yin su, yatsunsa ba su da saurin. Jin yadda aka ƙera su ne ke burge shi.

Yana da shafi nasa na kansa, inda duk mako yake zazzage abin da ke cikinsa. Masu karantawa ba su fi sittin ba, ciki har da Malama, wadda ke shiga don ta kama masa kuskuren rubutu. Yakan ce manhaja mai kyau ita ce wadda za ka wuni kana aiki da ita ba ka tuna tana nan ba. Babbar manhaja kuwa, wato wadda kwamfuta ke farkawa da ita, sauran duka su zauna a kanta, ya ce mai gidan haya ce. Wata za ka dawo daga aiki ka tarar ta canza maka wurin ƙofa ba ta gaya maka ba, ta ce gyara ne. Wata gidanta tsaf-tsaf, amma ko ƙusa ba ka isa ka kafa a bango ba. Ta kyautar kuma, wadda jama'a ke haɗuwa su gina, za ta miƙa maka makulli da guduma ta ce ga gida nan, in rufi ya yi yoyo kai ka sani. Ya zauna a dukkansu, kuma babu wadda bai yi wa tsiya ba. Masu wasanni ma bai ƙyale su ba, musamman masu sakin wasa ba a gama ba su ce za su ƙarasa daga baya. Ya ce in tela ya ba ka riga babu hannu ɗaya, ya ce ka fara sawa kafin ya kawo ragowar, ai ba godiya za ka yi masa ba.

Yana da wa guda ɗaya, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu, kuma shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Yaya direban tirela ne, shekara talatin da ɗaya a kan hanya. Mutum ne mai ƙatuwar murya da dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. Bai taɓa fahimtar abin da ƙanensa ke yi ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Auta? Yana nan yana danne-danne, kuma wai biyansa ake yi." Amma shi ne ya kawo masa kwamfutarsa ta farko, ta hannu, naɗe cikin bargo a bayan kujerar mota.

Wata safiya Yaya yana wanke fuska a gida sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafar ma ta ƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi sati uku a asibiti. Aka sallamo shi yana iya takawa da sanda, magana ta dawo, amma hannun hagu yana rataye kamar ba nasa ba. Kamfani ya aiko aka karɓi makullin mota, aka bar masa wasiƙar godiya da agogon bango.

Daga nan Yaya ya yi shiru. Yakan wuni a falo kan kujerar da ke jikin taga, talabijin a kashe. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ƙwallon ta gangara ƙarƙashin kujera ta yi zamanta a can. Kashe-Kunna yana zuwa duk Asabar da yamma, su gaisa, ya yi ta zuba shi kaɗai, amsar ba ta wuce "to" da "madalla".

Wata Asabar matar Yaya ta rako shi bakin ƙofa, ta rage murya.

"Auta, ni ba ciwon ne ke damuna ba, shirun nan ne. Mutumin da nake roƙo ya sassauta murya saboda maƙwabta, yau ni ce ke neman ya yi min ko da faɗa ne."

Ya ce mata, "Allah ya ƙara sauƙi, Anti."

Bayan 'yan kwanaki, cikin labaran safiya, ya ci karo da wani wasa da mutum biyar kacal suka ƙera a wata ƙasa mai nisa. Babu harbi, babu tsere. Tirela za a ba ka, a loda mata kaya, ka kai su wani gari lafiya ka sauke. Iyakar wasan ke nan. Mai labarin har da zolaya, wai wa zai dawo daga aiki ya zauna yin wani aikin. Kashe-Kunna ya yi ta kallon hotunan cikin motar, sitiyari da madubai da allurai, har shayinsa ya huce.

Da yamma ya gaya wa Malama tana duba takardun jarrabawa. Ta ajiye jan biro.

"Ka san halin Yaya. In ya ga kamar lallaɓa shi ake yi da abin wasa, sai ya fi haka shiru."

"Na sani."

"To kada ka je masa da magani, ka je masa da tambaya. Mutumin nan wata huɗu ke nan ba wanda ya tambaye shi komai sai ya jiki."

Yana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, lafiyarta ƙalau. Ya samo sitiyarin wasa na hannu, da feda biyu, totur da birki. Sai wasan ya ce ba zai hau tsohuwar babbar manhajar da ke kanta ba, sabuwar kuma ta leƙa cikin kwamfutar ta ce ta tsufa, a sayi wata. Ransa ya ɓaci. A makon ya rubuta doguwar tsiya kan masu mai da lafiyayyen inji shara da gangan, har mutum uku suka yi masa sharhi, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya goge komai ya ɗora ta kyautar. Wasan ya tashi, amma sitiyarin ya ƙi motsi. Kwana uku yana fama da shi tsakanin aikin mai tayil da na masu kaji. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, har mai ɗaukar hoto ya leƙo ya ce, "Yau kuma maganin naka ya ƙi ci a gida?" A ƙarshe ya tono wani ɗan gyara da wani bawan Allah ya rubuta shekara huɗu baya ya ajiye a wani dandalin intanet don duk mai bukata, layi goma sha ɗaya kacal. Yana sakawa sitiyarin ya juya da kansa hagu da dama ya tsaya a tsakiya. Ya mai da canjin giyar motar kan maɓallan da babban yatsa zai kai, ya sa mai walda ya haɗa masa ɗan mariƙi mai ƙulli, ya ɗaure a jikin sitiyarin yadda hannu ɗaya zai iya murzawa.

Ranar Asabar ya yi sallama a gidan Yaya ɗauke da kwali biyu. Ya jawo teburin cin abinci gaban talabijin ya shiga jone-jone. Yaya yana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Mene ne wannan kuma?"

"Aiki ne, Yaya. Wani wasan tirela aka fitar, ina so in yi rubutu a kai, amma ban san inda suka yi gaskiya da inda suka yi ƙarya ba. Na ce bari in yi a gabanka."

"Wasan yara ka kawo min gida."

"Ni zan yi, kai kallo kawai."

Ya zauna ya tada motar. Ƙarar inji ta cika falo, ya ga kan Yaya ya ɗan ɗago. Fita daga gareji bai ba shi wuya ba, in ban da ɗan shingen mutane da ya kwasa. Da ya isa wurin sauke kaya aka ce ya shiga da baya. Ya murza dama, bodin ya tafi hagu. Ya murza hagu, kan motar da bodin suka naɗe kamar wuƙar aljihu. Ba da gangan yake yi ba, iyakar iyawarsa ke nan. Ya fita ya sake, ya sake naɗewa. A karo na huɗu ya ji numfashi a bayansa.

"Madubi kake kallo ko ƙafarka? Wa ya ce ka murza duka? Kaɗan ake ba ta, a jira ta amsa."

"Haka?"

"Ba haka ba. Tashi, Auta. Tashi kafin ka ƙarasa ni da baƙin ciki."

Yaya ya dogara sanda ya zo ya zauna. Ya kama ƙullin da hannun dama, ya gwada nauyin sitiyarin, ya taɓe baki. Ya tambayi ina giyar baya, aka nuna masa. Ya ja gaba kaɗan ya miƙar da motar, sannan ya fara baya a hankali, ido a madubi, har bodin ya shige tsakanin layuka biyun da aka shata a wurin sauke kayan kamar an auna da tef. Ya ɗage ƙafa.

"Sitiyarin ya yi sakayau," ya ce. "Amma a madubin sun yi ƙoƙari."

Matar Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta juya ta koma ciki.

Kwamfutar ba ta koma ofis ba. Bayan sati biyu Kashe-Kunna yana tsakiyar aiki wayarsa ta yi ƙara. Yaya ne, kuma tun da ya kwanta bai taɓa kiran kowa ba.

"Auta, mutanen nan maƙaryata ne."

"Me suka yi?"

"Na ɗauko siminti tan talatin, na hau wani dutse, gangaren ya kai kilomita tara. Na ce bari in gwada su. Na bar ta a babbar giya, na taka birki tun daga sama har ƙasa. Ka san me ya faru?"

"Me ya faru?"

"Ba komai. Ta sauka lafiya lau. A hanya ta gaskiya, kafin ka yi rabi birkin ya yi zafi ya fara wari, ka taka ka ji kamar soso ka taka. Mutum uku na sani da haka ta ci. In wani ya koyi wannan a wasa ya je ya yi a titi, wa za a kama?"

Kashe-Kunna ya ce ai za a iya gaya musu. Yaya bai yarda akwai mai saurare ba, amma ya zauna ya yi bayani, ƙanen yana rubutawa yana fassarawa: yadda ake sauka da ƙaramar giya inji ya riƙe motar, yadda ake taka birki a saki don ya sha iska, irin warin da ke fara zuwa, da yadda feda ke yin laushi a ƙarƙashin ƙafa. Suka aika a dandalin masu wasan.

Kashe-Kunna ya san makomar irin wannan saƙo, yawanci ko kallonsa ba a yi. Kwana shida sai ga amsa daga ɗaya cikin biyar ɗin, wata mata da ke kula da yadda motocin ke motsi. Ta ce a cikinsu babu wanda ya taɓa tuƙa tirela da kaya, a littafi da bidiyo suka koya. Ta jero tambaya goma sha huɗu. Da za a karanta wa Yaya sai ya gyara zama ya ce a miƙo masa tabarau, ko da yake ba shi zai karanta ba. Wata biyu ana wannan kai-komo. Wata tambayar nan take yake amsawa, wata ya ce a bar shi ya kwana a kanta. Har ya fara kiran matar "ɗalibata".

Gyaran ya fito da safiyar wata Laraba. A labarai Kashe-Kunna ya fara gani: masu wasa suna ta kuka wai tireloli na ƙwace musu a gangare, wasu na cewa an ɓata wasan, wasu na cewa sai yanzu ya zama wasa. A ƙasan jerin gyare-gyaren akwai layi ɗaya na godiya ga wani tsohon direba mai shekara talatin da ɗaya a hanya, wanda ya koya musu saukar gangare. Ya rufe ofis da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya nufi gidan Yaya.

Yaya ya sa aka karanta masa layin sau biyu. Sannan ya ɗauko simintinsa ya nufi dutsen nan. Yana sauka yana yi wa ƙanensa lacca, ya juyo yana bayani, bai lura ya bar motar a giyar da ta yi wa gangaren girma ba. Ya taka, ya sake takawa, allura ta hau ja, motar ta ƙi tsayawa, ta kwashi shinge ta kwanta a gefe, buhuna suka watse. Sai Yaya ya fashe da dariyar nan tasa ta da, har da buga tebur.

"Yanzu ta zama mota," ya ce yana share ido. "Kada ka kuskura ka rubuta wannan a shafinka."

Ya rubuta, amma ya ce wani direba ne da ya nemi a sakaya sunansa.

Ba wanda ya ce wa Yaya ya ɗora hannun hagu a sitiyari. Wata rana kawai aka gan shi a can, ya ɗauko shi da na dama ya aza. Da farko zamewa yake yi. Yanzu yatsu uku suna kamawa, biyu har yau sun ƙi. Likitar gashi ta zo ta ga abin, ta ce a ci gaba, amma a riƙa tashi ana takawa duk bayan awa guda, kuma maganar ƙwallon roba tana nan daram. Ta gaya masa gaskiya cewa ba zai koma babbar hanya ba. Ya ce ya sani tun kafin ta faɗa. Akwai ranakun da shirun ke dawowa, ya ƙi kunna komai, amma ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Kashe-Kunna ma abin ya taɓa aikinsa. Ya ga yadda Yaya ke fama da waya da hannu ɗaya, babban yatsa yana neman ɗan maɓallin da bai kai ƙwayar wake ba, sai kunya ta kama shi, don shi ma irinsu yake yi. Ya bi shafukan da ya gina ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da hannun hagu a aljihu. Na kantin magani ya fi ba shi haushi, don tsofaffi da marasa lafiya ne suka fi shiga. Ya ƙara girman rubutu, ya sauko da maɓallan ƙasa inda yatsa ke kaiwa, ya cire hoton da ke yawo a sama. Mai kantin ya ce shafin ya rage kyau. Bayan wata guda ya hau benen da kansa ya ce masu kira suna tambayar yadda ake oda sun ragu sosai, amma dai a mayar masa da hotonsa. Suka shirya a kan hoton zai dawo, amma zai tsaya wuri ɗaya.

Asabar ɗin da ta wuce tare da Malama suka je. Suka tarar Yaya yana kan hanya da lodin katako, ana ruwa a allon, waifa na kai da komo. Matar Yaya ta kawo musu shayi, ta tsaya tana kallo. Can ta jawo kujerar roba ta ajiye a gefen mijinta ta zauna.

"Shekara talatin kana tafiya kana dawo min da labari," ta ce, "ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaukata ba."

"Kamfani ya hana ɗaukar fasinja."

"Yanzu fa?"

Yaya ya duba madubi, ya sa sigina, ya gangara gefen titi ya tsaya cak. Ya ɗan jira kamar mai jiran a hau a rufe ƙofa.

"Kin zauna da kyau? Tafiyar da nisa, kuma ni ba na tsayawa sayen tsaraba."

"Za ka tsaya," ta ce.

Malama ta taɓa hannun mijinta, ta nuna masa ƙofa da ido. Suka shanye shayinsu suka yi sallama, Yaya ya amsa ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba. A waje rana ba ta faɗi ba tukuna, sai suka fasa hawa mota, suka taka a ƙafa zuwa gida suna musun ko da sauran albasa a kicin.